Ƙudan da Ya Fitar da Inna Daga Gidana

Ruwan farko na bana ya same ni a ƙofar shagon ɗana a Rusaifa, nan Makka. Ba wani ruwan kirki ba ne, yayyafi ne da ya jiƙa kwalta ya bar ta tana tururi. Ina zaune sai ga wata ƙaramar motar kaya, wanet, ta wuce shaƙe da ɗanyen barsim, ruwa na ɗiga ta bayanta. Ƙamshin jiƙaƙƙen ganyen ya biyo iska har inda nake, na ajiye shayin da ke hannuna ban ƙarasa ba. A wurin yaran yanzu barsim ciyawar tumaki ce kawai, busasshiya, ɗaure da waya, manyan motoci ke kawo ta daga nesa. Ni kuwa ita ta gina mini gida. Kuma a shekarar da ta mutu mini, wajen tsakiyar shekarun alif ɗari tara da sittin, uwata ta fita daga gidan.

Mu biyu muka rage wa Inna lokacin da muka iso Makka: ni ɗan fari, da Haladu auta. Daga ƙasar Kano muka taso, muka ratsa Chadi, muka yi shekaru a Sudan muna cirar auduga kafin mu samu ƙetare teku. A can Baba ya rasu. Na fara da ɗaukar ruwa, garwa biyu rataye a sanda, ina hawa duwatsu ina sauka. A nan na lura da abu guda. Duk shekara kafin aikin Hajji ana sauke tumaki da awaki a Jidda a koro su Makka, kuma kowace dabba sai ta ci kafin a yanka ta. Na sayi jaki na shiga sayar da ciyawa. Jaki ya zama biyu, biyun suka zama tsohuwar wanet. Na gina ɗakuna a gefen dutse a unguwar Nakkasa, na auri Rabi, na ware wa Inna ɗakin da ya fi samun iska.

Wanda aka haifa a nan ba lalle ya gane abin da zan faɗa ba. A wurinmu uwa tana jin nauyin ɗanta na fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta yabonsa, ba ta zama hira da shi. Tun ina yaro "wannan" nake a bakin Inna. Da na sayi wanet na zama "mai mota". In tana da magana mai nauyi Rabi take gaya wa, ko da ina tsaye a wurin. Haladu kuwa, da gemunsa da matarsa, in ya shigo sai ta ce, "Auta, matso in gan ka, ka rame," ta turo masa ƙanzon da ta ɓoye. Na san al'ada ce, amma sanin bai taɓa hana abin ya yi mini ciwo ba. Abin da nake da shi ɗaya ne, na kuma riƙe shi da kyau: a ƙarƙashin rufina take kwana, daga tukunyata take ci. Kullum da safe ni ke kawo mata burodin tamis mai zafi da waken ful. Ranar Juma'a ni ke sauke ta kusa da Harami. In aka tambaya a unguwa ina tsohuwa take, gidana ake nunawa. Na bar wa Auta daɗin baki, ni na san inda take kwana.

Barsim ɗin daga Wadi Fatima nake ɗauko ta, wani kwari can bayan iyakar Harami, inda akwai rijiyoyi da dabino. Da na gaji da saye a hannun wasu, sai na shirya da wani dattijo Balarabe mai rijiya da injin ban ruwa, muna ce masa Shaiba saboda farin gemunsa. Ƙasa da ruwa nasa, aiki namu, a raba amfani. Filin dogo ne. Na zaɓi ɓangaren bakin rijiya, ƙasa mai laushi da ba ta bushewa, na bar wa Haladu can ƙarshe inda ruwa ke isa a gajiye, in ma ya isa. Ban ga laifi a nan ba, ni na samo wurin. Ya kafa bukka ta ganyen dabino, shi da matarsa suka tare.

Daɗin barsim shi ne sau ɗaya za ka shuka, ka yi shekaru kana yanka, ba huɗa ba kaftu. Haladu sai ya ce shi dawa zai shuka. Wani mahajjaci daga wajen gida ya bar masa ragowar guzurinsa na kaura, ya kuma sa wani maƙeri cikin mutanenmu ya ƙera masa garma irin ta ƙauye.

Na ce, "Wa zai sayi dawa a Makka? Mutanen da suka tashi da shinkafa da burodi?"

Ya ce, "Ni zan ci, Yaya."

"To ka ci. In ka ƙoshi ka zo in ɗauke ka aikin ɗaurin barsim."

Ya yi dariya har da riƙe ciki, don Haladu bai iya fushi ba. Shaiba ma yakan tsaya ya kalle shi sunkuye a rana yana birkice ƙasa, ya girgiza kai ya ce, "Miskin."

Zafin shekarar ya daɗe bai sake mu ba. Iskar wadi takan taso da hantsi kamar daga bakin tanda, ƙarfen wanet ba ya taɓuwa, ruwan salka ya koma kamar na wanka. Barsim ta saba da wannan muddin inji na bugawa. Amma wajen ƙarshen zafi na fara ganin tabo-tabo a filina, wurare kamar faɗin tabarma inda ganye ya yi rawaya ya ƙi tashi bayan yanka. Na ce ƙishi ne, na roƙi Shaiba ya ƙara mini lokacin ruwa. Ya ƙara. Tabon ya faɗaɗa, wannan ya haɗe da wancan.

Sai aka yi ruwan farko na sanyi. Bayan 'yan kwanaki na iso da safe na tarar wani ƙuda ya rufe filin. Ba irin ƙudan mahauta ba ne. Siriri ne, baƙi, wasu da ɗan jan kai kamar an ɗiga musu lalle. Ba ya cizo, ba ya bin abinci, ko tashi ma a kasalance yake yi, ƙasa-ƙasa, daga wannan ganye zuwa wancan. Na kama ɗaya na murje, ban ɗauke shi a bakin komai ba. Shaiba ne ya durƙusa ya kama wani tushe ya ja, sai ya fito a hannunsa ba gardama. Saiwar ta yi baƙi, ga tsutsotsi manne a jikinta, gajeru, launin ƙasa, masu taurin fata. Na tona gaba kaɗan, ga su. Na tona inda ganye yake kore shar, nan ma ga su. Ashe sun daɗe a ƙasa suna tsotsa, ƙudan da muke gani ya fito ne ya zuba ƙwan na gaba. Daga baya na ji masu ilmin gona na ce wa danginsa ƙudan soja. Mu dai jan-kai muka sa masa.

Ba abin da ban yi ba. Na bi gidajen burodi na tara toka na barbaɗa. Na sayo wata hoda mai wari daga Jidda, ta kashe na sama ta bar na ƙasa suna cinsu. Na kira gayya, mutanenmu suka zo, masu ɗaukar ruwa da masu wanki da masu gasa nama, muka jera muna tuge matattun tushe muna tarawa muna ƙonawa, hayaƙi mai ɗaci yana cin ido. Rabi ta dafa musu shinkafa da waken adas a babbar tukunya, aka ci a inuwar dabino. Haladu ne kan gaba a aikin, ya fi kowa gumi, wannan ma ya ba ni haushi.

A gida abin ya fara nunawa a tukunya. Nama ya koma na Juma'a, daga baya ya ɗauke. Shayi ya rasa madara. Masu tumakin da suka saba jiran wanet ɗina a kasuwar dabbobi suka fara duban wasu motoci. Na shiga ɗaukar yashi da duwatsun gini don kada motar ta zauna, in dawo da yamma kafaɗa a saɓule. Tamis ɗin Inna kaɗai ban bari ya yanke ba, ko da ni zan fita da ruwa a ciki.

Can ƙarshen fili kuwa dawa ta fi mutum tsawo, ganye na kaɗawa, kai ya sunkuyo don nauyi. Jan-kai yakan sauka a kanta ya tashi. Ban yarda ba. Wata rana da na ga Haladu ya tafi wajen inji, na shiga da fartanya na tona gindi nan, na tona can. Tsutsa nake nema, kuma so nake in samu. Saiwa fara fat, ƙasa a warware. Guda ɗaya na gani, ita ma ta bushe. Sai na ji muryarsa a bayana.

"Allah ya saka da alheri, Yaya. Kai da naka ya lalace, nawa kake dubawa."

Na ce, "Me ka zuba mata?"

"Wallahi ba komai. Huɗa ce kawai, sai maimai."

"Ka gaya mini gaskiya, Haladu."

Ya sosa ƙeya. "To, tsuntsaye dai suna bina in ina huɗa. Ko su ne?"

Bai sani ba, kuma wannan ne ya fi ƙona ni. Da dabara ya fi ni, da na sara masa na koya, don ni ɗan kasuwa ne, ba na gaba da ilmi. Amma garmar da muka yi wa dariya ce ta juye ƙasa, rana ta gasa abin da ke ciki, ƙarancin ruwa ya hana saura zama. Ni da na zaɓi bakin rijiya, shimfiɗa mai sanyi na yi wa tsutsotsin ta shekaru ba mai taɓa su. Na yi tunani ta kowace fuska kafin in zaɓa. Shi tuwo kawai ya yi marmari.

Da dawa ta nuna, cikin Sha'aban, Haladu ya zo Nakkasa da zangarniya guda ya ɗora a cinyar Inna. Ta juya ta, ta murje 'yan ƙwayoyi a tafin hannu, ta hure, ta jefa a baki. Ta daɗe tana taunawa. Sannan ta dubi Rabi.

"Ki ce wa mai mota gobe in zai fita ya rage mini hanya. Zan ga gonar Auta in dawo."

Ni na kai ta da kaina. Da la'asar na zo ɗaukarta, na tarar ta ci ɗamara da mayafi tana tsaye a masussuka tana shiƙa, ƙaiƙayi ya rufe mata gira. Matar da a gidana sai an riƙe mata hannu take sauka daga dutse. Tana wata 'yar waƙa ƙasa-ƙasa da rabona da ji tun muna ƙauye.

Na ce, "Inna, rana ta yi sanyi, mu kama hanya."

Ba ta dube ni ba. Ta ɗaga ƙwarya sama ta ce, "Shiƙar ba ta ƙare ba. A dawo gobe."

Gobe ta zama jibi. Bayan shiƙa aka ce surfe, bayan surfe daka. Ta sa aka sassaƙa mata turmi daga wani kututture. Duk lokacin da na biyo, sai matar Haladu ta ajiye mini tuwon dawa da miyar busasshiyar kuɓewa. Na ci, kuma ba zan yi ƙarya ba, tun da muka bar gida ban ci abin da ya zauna mini a ciki haka ba. Ina ci ina jin haushin daɗinsa. Daga inda nake zaune ina hango filina, ƙasa tsirara da tabon toka, ina kuma jin Inna a bayan bukka tana ce wa Haladu, "Hannun ubanka gare ka. Shi ma haka huɗarsa take, a miƙe." Na yi shekaru ina ciyar da ita, ba a taɓa ce mini ina da ko farcen Baba ba.

A Nakkasa ɗakinta na rufe. Da safe ƙafata takan kai ni wurin mai tamis, sai na tsaya a layi in tuna. Mutane suna tambaya, "Ina Hajiya, kwana biyu?" in ce tana wadi wurin Haladu, in ga yadda suke gyaɗa kai. Wata maƙwabciya ta ce wa Rabi ai gara haka, tsohuwa ba ta jure wa tukunya mara nama. Rabi ba ta so gaya mini ba, ni na matsa.

Jan-kai bai tsaya a kaina ba, ya ci masu barsim da yawa a wadin, ciyawa ta yi wuya. Haladu ya ce in kwashi karan dawarsa da ganyen in kai wa masu tumaki. Na kwasa, don ciniki ba ya jiran zuciya ta huce. Na daddatsa, na ɗaure, na sayar da daraja, muka raba. Da shi nama ya dawo tukunyar Rabi. Ka ga ke nan har naman gidana na Auta ne.

Ana gab da azumi na zauna na yi irin tunanin da nake yi in ciniki ya ƙi. Me nake da shi wanda Haladu ba shi da shi? Ba abinci ba, a bana dai. Ba daɗin baki ba. Abu ɗaya ne: gidana yana cikin Harami, bukkarsa tana waje.

Na ɗauki Rabi muka tafi. Muka sami Inna a inuwar bukka tana tankaɗe. Na gaishe ta, na zauna nesa kaɗan, na fuskanci Haladu na ɗaga murya yadda za ta ji.

"Azumi ya zo. Tsohuwar da ta tako tun daga Kano har bakin teku, ta binne miji a hanya don ta kusanci Ɗakin Allah, ita ce za ta yi Ramadan a wajen iyaka saboda dawa?"

Haladu ya sunkuyar da kai. "Ni ban riƙe ta ba, Yaya."

"Ban ce ka riƙe ta ba. Tarawihi a ina za ta yi, bayan inji? Kuma rai na Allah ne. In ta Allah ta kasance a nan, gindin wancan dutsen Shaiba zai nuna muku ku binne ta."

Rabi ta ce a hankali, "Haba, Malam."

Duk abin da na faɗa gaskiya ne, shi ya sa na zaɓe shi. Inna ta ci gaba da tankaɗe har garin ya ƙare, ta kakkaɓe rariya a gefen ƙwarya.

"Rabi, ashe mijinki wa'azi ya koma da ciyawa ta ƙare."

Rabi ta ce, "Ba haka ba ne, Inna. Gidan ne ba daɗi ba ke. Kewarki yake yi."

Inna ta tsaya da rariya a hannu. "Shi ya ce?"

Rabi ta dube ni. Haladu ya dube ni. Inna ba ta dube ni ba, amma ta karkato kunne, na gani. Nauyin nan da uwa ke ji, ɗan fari ma da shi yake tashi. Ban taɓa gaya mata irin wannan magana ba, bakina bai san hanyarta ba. Kuma a gaban Auta, a ƙofar bukkarsa, da tuwonsa a cikina.

Na ce, "Ni maganar Harami nake yi."

Ta dafa ƙasa ta miƙe. "To. Maganar Harami ce. Auta, ɗora mini buhu guda da turmina. Irin da na ware kar ka bar shi a ƙasa, ka rataye inda hayaƙi zai same shi."

Haladu ya ɗora kayan yana share ido da hannun riga. Muka iso Nakkasa kafin magariba, maƙwabta na leƙowa suna barka da zuwa. Ni na ɗauki turmin a kafaɗa na hau dutse da shi, ban ji nauyinsa ba.

Azumin shekarar cikin sanyi ya faɗo. Yini gajere, ƙishi ba yawa, sai yunwa mai shiga ƙashi da iskar da ke zuwa ta tsakanin duwatsu. Da la'asar sautin turmin Inna yakan cika gefen dutsen, matan unguwa suka riƙa zuwa da 'yan kwanoninsu, wannan ta ce a ɗan sam mata gari, waccan ta ce ita dai ƙamshin ya jawo ta. In igwar buɗa-baki ta tashi, sai mu sha ruwa da dabino, a kawo kunun dawa mai zafi. 'Ya'yana, da ba su taɓa ganin dawa ba, suka sa masa kunun Baba Haladu. Na bar su. Bayan an ci abinci in sauke Inna kusa da Harami, in jira ta, in dawo da ita. Ina jin tarinta ta bango, ina jin ƙarar butarta. Na ce a raina cinikin ya faɗa, ko da tsada.

Ranar Sallah, bayan an sauko, na shiga gaishe ta da sabon mayafin da na saya mata. Ta karɓa ta ajiye a gefe ta sa albarka, tana duban ƙofa. Turmin yana jingine a bakin ɗaki, an wanke shi an kife.

Ta ce, "Rabi, ki gaya wa mai mota, azumin da na zo yi na gama. Jibi ya mai da ni, akwai shuka."

Na mai da ta. Haka ta zauna har ƙarshen ranta: Ramadan da kwanakin Hajji a Nakkasa, sauran shekara a wadi. Ni ma na sa aka huɗe filina aka bar wa rana, barsim ta dawo, ciniki ya dawo har ya fi da. Mutanen unguwa sukan ce na yi dace, watanni masu albarka duk a gidana tsohuwa take yin su. Nakan ce alhamdu lillahi. Amma na san wurin wa take zuwa in ta zo gidana, na kuma san wurin wa take zuwa in ta koma wadi.